Gwaggo Tasalla da Nonon Bature

Duk wanda ya san Gwaggo Tasalla ya san ba ta taɓa lanƙwasa harshenta don jariri ba. In an miƙo mata ɗan kwana arba'in, sai ta gyara zama, ta gyara kallabi, ta gaishe shi gaisuwar manya: "Malam, barka da isowa. Ina gajiyar hanya? Yaya ka baro mutanen can?" Sannan ta yi shiru tana jiran amsa. Wallahi jira take yi! In jaririn ya yi hamma ko ya motsa ƙafa, sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, madalla. Haka ne kuwa."

Akwai ranar da mai unguwa da kansa ya zo ƙofar gidanmu yana son ganinta. Ta aika a ce masa tana da baƙo. Bawan Allah ya zauna a zaure har ƙafarsa ta yi tsami. Da aka ce ya shigo, sai ya tarar da baƙon kwance a kan cinyarta, ko haƙori ɗaya babu.

"Haba Gwaggo, wannan ne baƙon?"

"Kai jiya na gan ka, shekaranjiya ma na gan ka," in ji ta. "Wannan kuwa daga wurin Allah ya taso, bai cika wata biyu ba. Tsakaninku wa ya fi labari?"

Ku jikoki da kuka riske ta da tsufa, irin waɗannan kuke tunawa ku yi ta ƙyalƙyala. Ni ma ina dariya, amma ba na gamawa sai tsigar jikina ta tashi. Idanun nan da nake zura zare da su har yau, ita ta ƙwato mini su daga hannun masu allurar ciwon barci. Saura kwana ɗaya a jefa ni a mota.

Gwaggo yayar mahaifin maigidana ce. Uwarsa ta rasu tun kafin a kawo ni, saboda haka ita na tarar a matsayin babba a gidanmu na unguwar Magajin Gari. Sana'arta yaye. Daga Kakangi, daga Saminaka, daga rugagen bakin daji, nan ake kawo mata yaran da suka ƙi sakin nono. Ba ta shafa maɗaci, ba ta shafa barkono, kuma ba ta yarda uwa ta sulale ta gudu yaro yana barci. Ta ce duk wannan cin amana ne. Wata Bafillatana ta taɓa kawo ɗanta, ya rame saboda kuka, ta ce ta shafa maɗaci har sau uku bai daddara ba.

"Kin gaya masa za ki yaye shi?"

"Gwaggo, ai bai san magana ba."

"Ke ce dai ba ki san tasa ba. Ajiye shi nan, ki zauna ki ba shi haƙuri a gabana."

Haka matar nan ta durƙusa, fuskarta duk kunya, tana roƙon ɗan shekara biyu gafara. Kwana huɗu ya yi, ya koma ruga yana shan fura da hannunsa. Da idona na gani.

To, lokacin Turawa na haƙar zinariya a dajin nan namu, maigidana shi ke yi wa wani Bature wanki. Da matar Baturen za ta koma ƙasarsu, sai ta tattara tarkacen ɗanta ta ba shi. A ciki akwai wani ɗan abu na roba mai kama da kan nono, da zobe a gindinsa. Ta nuna masa da hannu cewa a baki ake sa wa yaro ya yi shiru. Kafin magariba duk unguwa ta ji, mata suna ta aiko yara a ba su aro su gani. Nan take aka raɗa masa suna nonon Bature.

A lokacin ina goyon ɗan fari, wannan da kuke ce wa Alhaji Babba yanzu, mai furfura har a gira. Ni dai har yau ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Kun san yadda muka tashi: ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka ma nuna ka san da shi, balle a gaban dangin miji. Ku riƙe wannan, don shi ya kusa kai ni ga halaka.

Gwaggo ta ce a kawo mata abin ta gani. Ta juya shi, ta sunsuna, ta wanke shi da toka. Sai kawai ta jefa a bakinta! Ta ɗauki mazarinta ta zauna a gindin tsamiya tana kaɗi tana tsotso, tun daga azahar har la'asar. Masu shigowa su yi sallama, ta amsa ta hanci. Ba wanda ya isa ya yi dariya, sai dai ka ruga bayan ɗaki ka toshe baki da zane. Da aka kira la'asar ta zare shi ta dube shi.

"Na ba shi lokaci, ko nono zai sauko. Babu komai a ciki. Wannan maƙaryaci ne."

Maigidana ya ce, "Gwaggo, ai da shi 'ya'yan Turawa suke barci."

"Shi ya sa suka girma suna yawo ƙasar mutane suna tonon rami. Har yanzu nema suke."

Amma fa mun ba ɗan namu. Yaron nan rigimamme ne tun haihuwa, da aka sa masa abin a baki kuwa sai ya yi lamo kamar an zuba wa wuta ruwa. Barci har da minshari. Gwaggo ta zuba mana ido, ta ce ita ba ta ƙwace abin da ba ita ta bayar ba, sai ranar da muka roƙe ta da bakinmu. Da lokacin yaye ya yi, ya saki nono ba ko ƙorafi, ina ta murna. Ashe yaye biyu ke gabanmu, ƙaramin muka yi.

Abin ya zama sarkin gida. In ya faɗo daga bakinsa yana barci, sai ihu. In ya ɓace, kowa ya ajiye abin da yake yi a shiga nema. Ga shi robar ta fara tsagewa, kuma duk ƙasar nan babu na biyunsa, an ma tambaya a kantunan Zariya an ce ba su san shi ba. Ranar da ta ƙare mana ita ce ranar da maigidana ya hau rumbu ɗibar dawa da yaron a kafaɗa. Ya leƙa, yaro ya leƙa, yaro ya yi hamma. Shi ke nan, nonon Bature ya faɗa cikin dammunan dawa! Maza huɗu aka kira. Tun hantsi suke fitar da dawa, yaro yana ta tsala ihu, har sai da suka kai ƙasan rumbu. Maigidana ya fito fari fat da ƙura, yana susa ko'ina saboda ƙaiƙayi, bai ko wanke fuska ba ya je ya durƙusa.

"Gwaggo, mun roƙe ki."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

Kwana uku tana ba yaron sanarwa. Kullum da safe ta zaunar da shi a tabarma ta ce, "Malam, ranar Alhamis za ku rabu da abokinka. Na gaya maka tun da wuri don kada ka ce an yi maka ba-zata." Ranar Alhamis da hantsi ta zauna a gabansa ta shimfiɗa tafin hannunta. Ba ta fizga ba, ba ta lallashe shi ba, ba ta ce ga tsuntsu can ba. Hannu kawai. Shi yana tsotso yana hararta, ita tana kallonsa. Inuwa ta bar su, ba ta motsa ba. Ni ina leƙe ta asabari, hannuna ma ya gaji don tausayin nata. Dab da azahar, la'ilaha illallahu, yaron nan ya sunkuyo ya tofar da abin a tafinta da kansa.

Kuna tsammani ta jefar? Gwaggo da ko tsinken tsintsiya ba ta yarwa! Ta ɗauko kwalbar man gyaɗarta wadda toshiyarta ta ɓace, ta cusa shi a baki, ya zauna daram. Ta nuna wa yaron, ta rataye a can saman ɗakinta.

"Ka gani, ban ɓoye maka ba. Abokinka ya samu aiki, gadin kwalba."

Sannan ta juyo gare mu. "Kwana goma zai yi yana kuka. Wanda ya mayar masa ya mai da ni maƙaryaciya, kuma yaron nan ba zai sake yarda da maganar kowa a gidan nan ba."

Wayyo, kwana goman nan! Da rana yana yarda Gwaggo ta goya shi, amma rana na faɗuwa sai ya tuna ita ce ta raba su, ko inuwarta ba ya son gani. Ta ce yana da gaskiya, ita ma da ita ce za ta yi fushi. Sai a bayana yake shiru, a bayan ma sai ina tafiya. In na tsaya, ihu. In na jingina da bango, ihu. Ni da nake nuna ban san shi ba da rana, ni ce mai zagaya tsakar gida da shi har asuba. Na zuba gishiri a kunu. Na yi barci riƙe da taɓarya. Akwai ranar da na yi sujadar azahar ban ɗago ba sai da aka kira la'asar, na ji Gwaggo a kaina tana cewa, "Ikon Allah, ashe waliyyiya muka auro." A kwana na shida maigidana ya fara satar kallon kwalbar nan. Gwaggo ta dai ɗauke tabarmarta ta shimfiɗa a ƙarƙashin kwalbar.

Mun kwana takwas a haka sai ga mai shela: gobe kowa da kowa, maza da mata har da na kulle, a fito bakin kasuwa, masu duba ciwon barci sun zo. Ku yaran yanzu ba ku san tsoron nan ba. Ƙudan tsando ya yi yawa a rafukan dajinmu, ciwon kuwa gaskiya ne, yana kisa. Su kuma masu dubawa wuya suke lalubawa, in sun ji kaluluwa sai su ware ka, a kai ka sansani a yi ta yi maka allura har makonni. Allurar ta warkar da mutane da yawa, ban hana ba. Amma kowa ya san akwai waɗanda ta taɓa wa ido. Wata 'yar Saminaka da muka sani ta tafi da ƙafarta, ta dawo ana yi mata jagora.

Ni kuma da wautar ƙuruciya, da na ji za a fita cikin mutane, sai na kira mai kitso ta yi mini sabo, ta ja shi tamau har gira ta ɗaga. Kafin safiya ƙeyata ta yi 'yan ƙulli-ƙulli saboda zafin kitson.

Aka jera mu a rana, layin mata daban, tsofaffi a can baya, Gwaggo tana cikinsu da yaron a bayanta. Mai dubawar wani saurayi ne mutumin Zazzau, malamin allura, da gajeren wando da doguwar safa, da alli a hannu. Ni ban ga isowarsa ba. Na kifa goshi a bayan matar da ke gabana, na tafi. An ce har ya gama laluba wuyana ban motsa ba, sai da ya tafa hannu a kunnena.

"Ke, me ke sa ki barci a tsaye?"

Na ɗaga ido. Ga mai unguwa zaune a gindin bishiya, ga baffannin maigidana biyu a gefensa, duk suna kallo. In ce me? In buɗe baki a gabansu in ce ɗana ne ya hana ni barci? Na sunkuyar da kai.

"Kina da yaro ƙarami?"

Na ƙara sunkuyawa.

"Kun gani ko," in ji shi, "ga kaluluwa, ga barci, har magana ta fara ɗauke mata." Ya ja mini alli a bayan hannu. Dogari ya kora ni wata rumfa inda aka ware mata uku. Aka ce gobe Baturen likita zai iso da mota, daga nan sai sansani.

Ban san wa ya kai wa Gwaggo labari ba. Na dai ga layi yana darewa, ga ta nan tafe, ba sauri ba gudu.

"Samari, sannu da aiki. Me 'yata ta yi?"

"Iya, ciwon barci ne."

"Ga ciwon nan a bayana. Kwana tara ke nan bai bar ta ta runtsa ba."

Ya yi murmushi. "Iya, kowa da abin da yake faɗa. Shekaranjiya a Kakangi wani ya rantse mini kukan kura ne ya hana shi barci."

"Kana da 'ya'ya?"

"Ban yi aure ba tukuna."

"Ai na gani a idonka, fari tas, ka ƙoshi da barci. To ga magana. Ka riƙe mini shi daga magariba zuwa asuba. In gari ya waye kana tsaye garau, ka tafi da ita, ni da kaina zan taya ta hawa motar."

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya kau da kai. Saurayin nan ya duba ya ga duk gari shi ake kallo, sai ya buga ƙirji. "Ni da nake kwana a kan marasa lafiya, wannan ɗan tsurut ne zai gagare ni? Kawo shi!"

Gwaggo ta kwance goyo, ta tsayar da yaron a gabanta, ta tsuguna daidai tsawonsa.

"Malam, yau wurin wannan bawan Allah za ka kwana. Ina bakin ƙofa, ba inda za ni. Kada ka rage masa komai. Uwarka ce a hannunsu."

Abin da ya faru a masaukin, matar mai unguwa ce ta ba ni labari, don a zaurensu aka sauke malamin allurar. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna da carbi. Malam ya ba yaro sukari, ya watsar. Ya busa masa usur, ya ƙara murya. Ya kunna masa tocila, ya yi masa waƙar makaranta, har rawa an ce ya taka. Daga baya ya gano sai ana tafiya ake shiru, ya saɓa shi a kafaɗa ya yi ta zagaya zaure kamar jakin da aka ɗaure a turke. Da abin ya ishe shi ya leƙo.

"Iya, don girman Allah, ina abin nan da aka ce yana tsotsa?"

"Yana bakin aiki," in ji Gwaggo.

Ni kuwa, abin kunya, ni da ya kamata in kwana ina kuka a rumfar nan, hawayen ma ban gama sharewa ba barci ya sace ni. Ban san inda kaina yake ba sai da rana ta haska mini fuska. Na tashi idona tar, har ina jin yunwa.

Da hantsi mota ta iso. Aka kafa wa Bature tebur, ya ɗora madubinsa na duba jini. Malamin allura yana tsaye a gefensa riƙe da littafi, safa ɗaya ta zame har idon sawu. Ana cikin kiran mutum na biyu sai kansa ya fara rinjaya. Ya ɗago. Ya sake rinjaya. Can sai ji kake fam, littafi a ƙasa, Malam ya jingina da kafaɗar dogari, baki buɗe.

Baturen yana jin Hausa. Ya ce, "Malam, lafiya?"

Sai muryar Gwaggo daga cikin taro, a natse kamar tana tayin goro: "Ranka ya daɗe, a taɓa wuyansa. Jiya garau yake. Allin yana aljihunsa na dama."

Kai! Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Dogari ya saki sanda, mai unguwa ya cusa rawani a baki. Malam ya farka a firgice, kuma don Allah ya yi masa albarka, bai yi gardama ba, ya gaya wa Bature duk yadda aka yi. Bature ya sa aka kawo ni. Ya laluba wuyan da kansa, ya tsaga da 'yar allura, ya ɗiga abin da ya fito a gilashi, ya daɗe yana leƙe a madubi. Ya ɗago ya ce, "Babu." Ya nuna kaina ya ce a sassauta kitson nan. Malam ya ciro hankicinsa ya goge mini allin, ya je ya tsuguna gaban Gwaggo yana ba da haƙuri.

"Tashi," ta ce. "Je ka yi barci, sannan ka yi aure. In ka haifa ka kawo mini."

Daren Malam shi ne na goma. Ku lissafa da kanku. Tun a hanyar komawa gida yaron ya yi laƙwas a bayan Gwaggo, kuma daga ranar ba a sake jin kukansa da dare ba. Ba a ƙara kwana ɗaya ba, ba a rage ba. Ni na daina tambayar yadda aka yi ta sani.

Da muka shiga gida ba ta bar ni na wuce ɗakina ba. Ta ja ni nata, ta saki asabari, ta kwance yaron ta ɗora mini a ƙirji, da rana tsaka.

"Nan babu mai ganinki. Rungume abinki."

Ina rungume da shi sai idona ya kai bayan ƙofa. Ga wani ƙunshi an ɗaure tamau: tabarmar tafiya, ƙwarya biyu, garin dawa a jaka, 'yar rigar yaron, da takalman fatarta waɗanda ba ta sawa sai za ta gari mai nisa.

"Gwaggo, tafiya za ki yi?"

"Da za ni." Ta juya baya tana kwance ɗaurin. "Ni na ce kwana goma, ni na ja miki. Da sun sa ki a motar nan, da ƙafa zan bi sawunta, da shi a bayana. In idon ya tafi, ai kya so mai riƙe miki sanda."

Tsohuwar da gwiwarta ke ƙara in za ta tashi daga sallah! Ba ta jira godiya ba, ta fita tana faɗa wai wa ya bar akuya a kan shanyar kuɓewarta.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tasalla. Ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi, ya haskaka shi. Ya ba ta barcin da babu firgita a cikinsa har ranar da za a tashe mu, ya kuma sa in buɗe idanun nan in gan ta a cikin mutanen kirki. Amin.